Daga Lambu Zuwa Akushi: Ganyen Gida Da Yaƙin Ciwon Suga Da Hawan Jini

Tun kafin a idar da sallar asuba motoci ke fara sauke kaya a kasuwar 'Yankaba da ke Kano. Kwandunan tumatir daga Kura da Kadawa, buhunan kabeji da karas, damman alayyahu da latas da aka yanko da yammacin jiya daga fadamun bakin gari, an yayyafa musu ruwa don kada su yi yaushi. Kafin hantsi ya dubi ludayi 'yan sari sun kwashi rabonsu, sun bazu cikin unguwanni da baro da a-daidaita-sahu.

A daidai wannan lokaci, a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wani layin ne ke ƙara tsawo. Masu ciwon suga da hawan jini ne, kowa riƙe da katinsa yana jiran a kira shi awo. Shawarar da ake maimaita musu kusan ɗaya ce ko'ina: a rage gishiri, a rage zaƙi, a rage maiƙo, a yawaita ganye.

Ganyen da ake ce musu su ci ba daga Turai ake kawo shi ba. A bayan garinsu ake nomansa, wani ma fitowa yake yi ko ba a shuka ba. Amma kaɗan ne daga cikinsa ke isa akushin mai ciwo, kuma wanda ya isa ɗin sau da yawa an kashe amfaninsa tun a tukunya.

Ciwon da ya bar gidan masu kuɗi

Shekarun baya idan aka ce wane yana da ciwon suga, sai a ɗauka attajiri ne ko babban ma'aikaci mai shan shayi mai kauri. Yanzu zancen ya sha bamban. Ɗan dako, malamin firamare, tela, matar auren da ba ta kai arba'in ba, duk ana samunsu a layin. Ƙiyasin da masana suka tattara daga bincike daban-daban ya nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi uku a Nijeriya yana da hawan jini. Tarayyar ƙungiyoyin yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Nijeriya sama da miliyan uku da rabi ne ke ɗauke da ciwon, kuma a nahiyar Afirka fiye da rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Sai ƙafa ta yi gyambon da ya ƙi warkewa, ko ido ya fara dishi-dishi, ko ɓarin jiki ya shanye, sannan a garzaya asibiti. Wasu ma sai an gama zagaya masu sassaƙe da turare, domin har yau akwai masu ɗora shanyewar ɓarin jiki a kan iska.

Waɗannan cututtuka ba irin zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Da su ake zama, kuma kowane wata da kuɗinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. Kamfanin magunguna na GSK ya sanar a watan Agustan wannan shekarar cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a ƙasar, Sanofi mai yin allurar insulin ya bi sahu bayan 'yan watanni. Galibin marasa lafiya kuwa daga aljihunsu suke biya. Sai ka ga mai hawan jini yana raba ƙwaya biyu, ko ya sha yau ya tsallake gobe, ko ya ajiye ta sai ya ji kansa na sarawa.

A cikin wannan hali ne maganar abinci ta dawo da ƙarfinta, a shirye-shiryen lafiya na rediyo, a bakin ma'aikatan jinya, da kuma zaurukan WhatsApp na mata, inda gaskiya da ƙarya ke yawo kafaɗa da kafaɗa.

Yadda akushi ya sauya

Abincin Bahaushe na asali a kan gero da dawa ya ginu, da wake da gyaɗa da gurjiya, da ganyayen da damina ke fitarwa. Rama da yakuwa a gefen gona, tafasa a bayan gari, lalo da karkashi tsakanin kunyoyi, kuka da zogale a tsakar gida. Ana kwaɗa su, ana fate da su, ana dambu, a shanya rara don rani. Mai cin wannan abinci kuma yini yake yi da fartanya a hannu, uwargida ta yi surfe ta yi daka ta ɗebo ruwa.

Zaman birni ya canza duka biyun. Shinkafa, wadda a da sai ranar salla ko biki a yawancin gidaje, ta zama abincin kullum. Ga taliya, ga burodi, ga fulawa a kowane salo daga fanke zuwa cincin, ga lemon kwalba a kowane taro. Inji ya karɓi aikin turmi, babur ya karɓi aikin ƙafa. Ciki yana karɓar abin da ya fi na da, jiki kuma yana ƙona ƙasa da na da.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ganye ya daɗe da sunan abincin wahala. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984, da mutanen Maraɗi da Damagaram da suka ga yunwar 2005, sun san lokacin da tafasa da anza suka zama abincin dare ba don marmari ba. Saboda haka da mutum ya samu sukuni, abin da yake fara yi shi ne nesanta gidansa da duk abin da ke tuna masa wancan zamani. Ba a tarbar baƙo da kwaɗon rama, shinkafa da kaza ake yi masa. Yaro ya ga ganye a kwano ya ce shi ba akuya ba ne, manya su kwashe da dariya. Likitan da ke ce wa Alhaji ya koma cin zogale da acca ba da kwaɗayin baki kaɗai yake kokawa ba, har da abin da Alhajin ke gani mutuncinsa ne.

Ko a gidajen da ba a bar tuwo ba, rabon ya karkata. Malmala biyu ko uku, miya ludayi guda, aikinta kawai ta raka loma. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, wato kimanin cikin tafin hannu biyar, ban da dankali da rogo da doya. Cokali biyu na garin kuka da aka kaɗa wa mutum goma miya da shi bai kama hanyar wannan adadi ba.

Abin da bincike ya nuna

Amfanin ganye ga mai ciwon suga ba sihiri ba ne. Zare-zaren da ke cikin ganye da wake da dusar hatsi, waɗanda likitoci ke kira fayiba, suna rage saurin narkewar abinci, sai suga ya riƙa shiga jini sannu a hankali maimakon ya afka gaba ɗaya. Suna kuma cika ciki, mutum ya ƙoshi bai ci tuwo da yawa ba. Ga mai hawan jini kuwa, sinadarin fotasiyam da ke cikin alayyahu da tumatir da wake da kabewa yana taimaka wa ƙoda ta fitar da rarar gishiri, jijiyoyin jini su saki.

A 1997 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka mai suna DASH, wanda ya ƙunshi mutum sama da 400, fiye da rabinsu baƙaƙen fata. An ciyar da wasu daga cikinsu abinci mai yawan kayan lambu da 'ya'yan itace da nono mai ƙarancin maiƙo har mako takwas. A cikin masu hawan jini, lambar sama ta awonsu ta sauka da kusan maki 11, kwatankwacin abin da ƙwayar magani guda ke yi. Kuma saukar ta fi yawa a wurin baƙaƙen fatar.

Zoɓo ma an gwada shi. Masu bincike a Jami'ar Tufts da ke Boston sun ba masu hawan jini marar tsanani kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, a rahoton da suka fitar a 2010 lambar sama ta sauka da kimanin maki bakwai. Wannan zoɓon dai shi ne manoman Jigawa da Kano ke nomawa, ana loda shi a kwantena zuwa Meksiko, yayin da na gida ake jibga masa suga har ya koma alawa mai ruwa.

Gero da dawa da acca su ma sun samu shaida. Wani nazari da cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta jagoranta a 2021, wanda ya tattara gwaje-gwaje daga ƙasashe da dama, ya gano cewa irin waɗannan hatsi ba sa ɗaga suga da sauri kamar farar shinkafa da fulawa, kuma masu cinsu a kai a kai sugansu kan sauka da wajen kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Zogale, wanda ya fi kowane ganye suna a bakin mutane, labarinsa sai da taka-tsantsan. Babu gardama abinci ne mai gina jiki, cike da sinadarin ƙarfe da na ƙarin ƙarfin ƙashi da bitamin A. Amma gwaje-gwajen da aka yi kan mutane game da saukar da suga ƙanana ne, ba su kai a kira shi magani ba. A ci shi a matsayin abinci mai kyau, wannan ya isa dalili.

Inda ake ɓata rawa da tsalle

Matsalar ba a kasuwa kaɗai take ba, tana nan a madafi. A ɗauki kanwa. Uwargida na jefa ta a miyar kuɓewa don ta yi yauƙi, a wake don ya nuna da wuri a rage itace, a rama da yakuwa don kashe tsami. Ga mai hawan jini kuwa kanwa 'yar'uwar gishiri ce, domin mafi yawanta sodiyam ne, sinadarin da ake ce masa ya guda. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi. Shekara hamsin ke nan, amma majinyaci da yawa kan ce wa likita ya daina cin gishiri, alhali kanwa ba ta bar tukunyarsa ba. Ba ƙarya yake yi ba, ba a taɓa gaya masa ba ne.

Sai dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Ana iya jefa biyar ko shida a tukunya guda, a ƙara farin magi, a ƙara gishiri, sannan a kawo yaji wanda shi ma da dunƙule aka daka shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya wuce giram biyar, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da wanda ke ɓoye cikin burodi da kilishi da taliyar leda. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi na iya ɗaukar rabin aikin dunƙule, kuma harshe kan saba cikin 'yan makonni.

Kwaɗon zogale ya isa misali. Ana tsinke ganyen daga itacensa, a wanke, a dafa har ɗacin ya ragu, a tsane a matse. A daka ƙuli-ƙuli, a yanka tumatir da albasa da ɗan attaruhu, a cakuɗa. Idan an tsaya nan, da wuya a samu abincin rana da ya fi wannan dacewa da mai ciwon suga: ganye mai yawa, gyaɗa mai riƙe ciki, ba abin da zai ɗaga suga. Amma hannu ya saba. Sai a kwarara man gyaɗa har ya kwanta a gindin kwano, a marmasa dunƙule biyu, wata ma ta barbaɗa suga don yara su ci. Haka alayyahu, ana barinsa a wuta har ya koma baƙi, a zubar da ruwan da amfanin ya tsiyaye a ciki, alhali minti kaɗan a ƙarshen girki ya ishe shi.

Akwai kuma ji-ta-ji-tar da ta zama kamar doka. An ce mai suga ya koma tuwon alkama, sai ya ci malmala uku hankali kwance, bai san garin alkama mai laushi yana ɗaga suga kusan yadda sauran tuwo ke yi ba. An ce zuma ba ta da illa, alhali ita ma suga ce a jini. Gero da aka surfe tas aka niƙa lilis aka dama koko, aka zuba suga cokali uku, ya rabu da fa'idar da masu bincike suka gani. Masana abinci sun fi son a duba rabo: rabin kwano ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, sauran kashi ɗayan tuwo ko shinkafa. A taƙaice miya ta zama ita ce abincin, tuwo ya zama ɗan rakiya.

Lambu a cikin buhu

Tsadar kayan miya ta sa mutanen birni da dama sun waiwayi tsakar gidansu. A tsakiyar 2024, lokacin da babban kwandon tumatir ya haura naira dubu ɗari a kasuwannin Legas, noman buhu ya zama abin yayi daga Kaduna har Sakkwato.

Aikin ba wuya. Ana samun tsohon buhun shinkafa, a haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen kashin awaki ko na kaji da ɗan yashi, a cika shi, a huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Wasu kan jera tsakuwa a tsakiya daga ƙasa har sama don ruwa ya ratsa ko'ina, sannan su tsaga gefen buhun su dasa latas ko alayyahu a ramukan, saman kuma tumatir ko attaruhu. Alayyahu cikin mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, kuma idan an yanke shi sama da gindi zai sake tohowa. Kuɓewa na fara 'ya'ya cikin wata biyu. Zogale kuwa bishiya biyu a kusurwar gida sun ishi iyali, muddin ana sare kansa idan ya kai ƙugu ko ƙirji don ya yi rassa, maimakon a bar shi ya miƙe sama inda sai da gora. Ruwan alwala da ruwan wankin shinkafa sun isa ban-ruwa ga buhu biyar ko shida. Idan ƙwari sun taso, toka da jiƙon ganyen darbejiya na rage su. Babban abokin gaba dai akuyar gida ce da kaji, don haka shinge kafin shuka.

Ga mai ciwo ribar biyu ce. Ganye na kusa, ba sai an jira cefane ba, kuma abin da ke kusa shi ake ci. Sannan ɗaukar ruwa da sunkuyo da cirar ciyawa motsa jiki ne, musamman ga matan da ba su cika fita ba da dattawan da suka yi ritaya suka koma zaman dakali.

A Nijar an ɗauki abin da faɗi. A Jiratawa kusa da Maraɗi da kuma lambunan bakin kogin Kwara a Yamai, zogale amfanin gona ne na sayarwa, ana yankarsa a kai a kai ana cika buhuna. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore kudu da Yamai ta daɗe tana aiki da ƙungiyoyin mata a kan faƙon da aka yi watsi da shi: a haƙa ramukan tassa da na rabin wata don tare ruwan sama, a zuba taki, a shuka zogale da kuɓewa da yakuwa da magarya mai aure. Ƙasar da maza suka raina ta koma tana ciyar da gida tana kawo kuɗin kashewa.

Gwamnatocin Nijeriya ma sun sha yin kiran. Shirin ciyar da ƙasa na 1976 a zamanin Janar Obasanjo ya nemi kowane gida da makaranta su yi lambu, a 2024 kuma uwargidan shugaban ƙasa Oluremi Tinubu ta gudanar da gasar lambu a kowane gida. Irin wannan kira kan zo lokacin tsada ya tafi da ita. Abin da bai taɓa samuwa sosai ba shi ne a haɗa shi da asibiti, ta yadda wanda aka ce ya ci ganye zai fita da ƙullin iri a hannu da bayanin yadda zai shuka.

Da wane ruwa aka yi ban-ruwa?

Ba kowane ɗanyen ganye ne lafiyayye ba, kuma wannan magana ce da masu tallar abincin gida ba sa son a taso. Wani kaso na latas da alayyahu da kabejin da ake ci a Kano a gefen rafin Jakara da Getsi da Challawa ake nomansu, inda ruwan kwatar birni da na masana'antun Bompai da majemun Sharaɗa ke malala. Bincike da dama, ciki har da na malaman Jami'ar Bayero, sun sami ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam a ruwan da ƙasar, har da ganyen. Wanki na kawar da ƙasa da ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da abin da tsiro ya riga ya zuƙa. Mai ciwon suga da hawan jini, wanda ƙodarsa ke cikin haɗari tun farko, shi ya fi kowa buƙatar sanin inda ganyensa ya fito.

Manoman wurin suna da tasu hujjar. Gine-gine sun cinye fadamun da iyayensu suka noma, rijiyar burtsatse da man injin ban-ruwa sun fi ƙarfinsu, wannan ruwan kuwa kyauta ne kuma ba ya ƙafewa da rani. Ba su suka zuba dattin ba. Laifin ya fi komawa kan masana'antun da ke sakin ruwa ba tacewa da hukumomin da ke kallo.

Sai maganin ƙwari. Ana fesa wa tumatir yau a tsinke gobe, ana zuba wa wake fiya-fiya don kada ya yi ƙwari a ajiya. Saboda irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, waken da aka ci gaba da ci a gida. Hukumar NAFDAC kuma ta sha gargaɗi kan masu nunar da mangwaro da ayaba da kabaid. Wannan na daga cikin manyan dalilan da ke sa lambun gida, ko na maƙwabcin da aka sani, ya fi kwanciyar rai.

Aljihu da lokaci

Masu sukar wannan shawara ta cin ganye suna da magana mai ƙarfi: wanda bai ƙoshi ba ba ya zaɓen abinci. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ƙiyasta cewa a tsakiyar 2024 abinci mai lafiya mafi araha na cin sama da naira 1,200 ga baligi guda a rana. A wata ke nan ya haura rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ga mutum ɗaya tak, ba a zo kan iyali ba. Magidanci mai 'ya'ya takwas garin masara zai saya ya cika tukunya, kuma ba wanda zai ga laifinsa. A gida irin wannan ma ba a yi wa mai ciwo tukunyarsa daban, abin da aka dafa shi zai ci.

Sai dai alƙaluman hukumar sun nuna arewa maso yamma ce ta fi ko'ina arahar irin wannan abinci, kuma ganyen gargajiya ya fi na zamani sauƙi nesa ba kusa ba. Ba sai da tufa da inabin kanti ba. Yalo da gurji da gwaiba da gwanda da goruba da magarya duk suna cikin lissafi, kuma kuɗin lemon kwalba guda ya sayi damin rama. Harajin naira goma kan kowace lita ta lemon zaƙi da gwamnati ta sa a dokar kuɗi ta 2021 bai kai ya sa kowa ya sake tunani ba.

Lokaci ma matsala ne. Daga Janairu zuwa Maris tumatir kan yi arha a Kwanar Gafan har a bar shi yana ruɓewa a bakin titi, ana ƙiyasin kusan kashi 40 cikin ɗari na abin da ake nomawa lalacewa yake yi kafin ya isa tukunya. Da damina ta kama kuma sai ya gagari talaka. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna mai yawa a 2016, tana dawowa lokaci lokaci. Rashin tsaro ya kori manoma daga fadamu a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ɓallewar madatsar Alau a watan Satumban 2024 kuma ta shafi masu noman rani a kewayen Maiduguri. Dabarar iyaye mata ta shanya kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa da ganye tana nan da amfaninta, sai dai ganye a inuwa ya kamata ya bushe, a kan tabarma mai tsabta, ba a kan kwalta ba.

Ganye ba ya maye gurbin ƙwaya

Haɗarin da likitoci suka fi tsoro daga ɗaya gefen yake. Motar mai magani ta tsaya a bakin kasuwa da lasifika tana shelar maganin suga sadidan, garin ganye ne a leda ba suna ba awo. Majinyacin da kuɗin asibiti ya gallaba ya saya, ya ajiye ƙwayarsa, ya ce ya koma na gargajiya. Hawan jini ba ya ciwo, don haka yana iya yin watanni yana jin garau kafin a kwaso shi ranga-ranga. Mai ciwon suga nau'in farko, wanda yawanci tun yarinta yake kamawa, babu ganyen da zai tsaya masa a madadin insulin, barinta kuwa na iya kashe shi cikin kwanaki.

Akwai kuma waɗanda shawarar yawaita ganye ba ta hau kansu kai tsaye ba. Wanda ƙodarsa ta riga ta yi rauni ba ta iya fitar da fotasiyam, yawansa a jini kuwa na iya tsayar da zuciya. A yankunan Gashuwa da Nguru da Haɗeja, inda ciwon ƙoda ya yi ƙamari har ya zama abin bincike, wannan ba ƙaramar magana ba ce: mai wankin ƙoda sai da lissafin likita zai ci alayyahu da ayaba da tumatir. Mai shan maganin tsinka jini na warfarin shi ma ba a so ya canza yawan ganyen da yake ci farat ɗaya. Mai juna biyu ta tsaya ga ganyen zogale, ta bar saiwa da ɓawo. Mai allurar insulin da ya rage tuwo sosai bai rage allura ba, sugansa na iya faɗuwa har ya suma, abin da ya fi faruwa da azumi.

Hanyar da ma'aikatan lafiya suka fi yarda da ita mai sauƙi ce. Mutum ya sanar da likitansa cewa zai canza cimarsa, ya ci gaba da shan maganinsa, ya riƙa awo. Yawancin shagunan magani a unguwanni na auna jini da kuɗi kaɗan, wasu har da suga. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta rana da lamba da abin da aka ci, na tsawon wata biyu ko uku, a tafi da shi ranar ganin likita. Da wannan littafin ne likita zai yanke ko a rage ƙwaya, ko a bar ta yadda take, ko kuma a ƙara gwajin ƙoda da na ido kafin a taɓa komai.